Katin Rabin Kwabo: Nazarin Katunan Wasiƙa 3,000 na Zamanin Sarki Edward

Dillalan tsofaffin katunan wasiƙa bisa hoton gaba suke jera hajarsu. Akwatin nan na garuruwan bakin teku ne, wancan na jiragen ƙasa, wancan na 'yan wasan kwaikwayo mata, wancan na coci-coci. Hoton ne ke yanka wa kati kuɗi, sai sunan kamfanin da ya buga shi, sai ƙarancinsa a hannun mutane. Rubutun da ke baya kuwa, in ba wani shahararre ne ya yi shi ba, ba a cika waiwayarsa ba. Wani mai sayen ma gani yake an ɓata masa kati da tawada.

Malamai biyu a arewacin Ingila, Julia Gillen ta Jami'ar Lancaster da Nigel Hall na Jami'ar Manchester Metropolitan, suka ce su bayan suke so. Sun tattara katuna kimanin 3,000 waɗanda aka rubuta aka aika tsakanin 1901 da 1910, wato shekarun sarautar Edward na Bakwai, Sarkin Birtaniya. Suka kwafe rubutun kowane kati kamar yadda mai shi ya yi shi, da kurakuransa da komai, sannan suka shiga takardun ƙidayar jama'a na 1901 da 1911 suna neman mutanen da aka aika wa. Tambayar da ke gabansu mai sauƙin faɗi ce: talakan Birtaniya, wanda bai bar littafi ba, jarida kuma ba ta taɓa ambaton sunansa ba, me yake rubuta wa 'yan uwansa ranar da babu wani abin a zo a gani da ya faru?

Yadda kati ya shiga hannun kowa

Ba a Birtaniya aka fara ba. Gidan wayar Ostiriya-Hangari ne ya fitar da katin farko ranar 1 ga Oktoban 1869, bisa shawarar wani malamin tattalin arziki mai suna Emanuel Herrmann. Birtaniya ta biyo baya bayan shekara guda cif, 1 ga Oktoban 1870, da kati marar hoto wanda aka buga masa kan sarkinsa a jiki, kuɗinsa rabin kwabon Ingila. Sai a 1894 aka yarda kamfanoni su buga katin da mai aikawa zai manna wa kan sarki da kansa. A 1899 aka amince da girman da ƙasashen Turai ke amfani da shi, inci biyar da rabi a tsawo, uku da rabi a faɗi. Amma da sauran matsala guda: doka ta ce fuska ɗaya gaba ɗayanta ta adireshi ce. Don haka hoto da saƙo sai su yi cunkoso a ɗaya fuskar, mai rubutu ya riƙa lallaɓa kalmominsa a gefen hoto ko a sararin samaniyar da ke cikinsa.

A 1902 aka kwance wannan ƙulli. Gidan wayar Birtaniya ya yarda a ja layi a tsakiyar baya, dama adireshi, hagu saƙo, gaba kuma a bar wa hoto. Ita ce ƙasar farko da ta yi haka. Amurka sai a Maris na 1907. Layi ɗaya ne kawai, amma shi ya buɗe ƙofa. Rahotannin shugaban gidan waya na shekara-shekara, in aka haɗa su, sun nuna an aika katuna kusan biliyan 6 a zamanin Edward, a ƙasar da mutanenta ke tsakanin miliyan 41 da miliyan 45. Wato fiye da kati 100 ga kowane rai, har da jarirai. Sai dai a lura, wannan lissafi ya haɗa da katunan 'yan kasuwa marasa hoto, na odar kaya da na tunin bashi, don gidan waya bai ware su ba. Ko da an cire su, abin da ya rage ba kaɗan ba ne.

Abubuwa uku ne suka haɗu. Na farko araha. A lissafin kuɗinsu na lokacin, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. Wasiƙa cikin ambulan kwabo ɗaya take ci, kati rabinsa, talgiram kuwa sisi ne a kan kalma 12. Shi kansa katin mai hoto yawanci kwabo ake sayar da shi. Lebura mai samun wajen fam ɗaya a mako zai iya, 'yar aikatau mai samun ƙasa da fam 20 a shekara ma za ta iya. Na biyu sauri. A tsakiyar Landan ana raba wasiƙu har sau 12 a rana, manyan garuruwa ma sau da dama, kuma tun 1897 gwamnati ta ɗauki alkawarin kai wasiƙa har ƙofar kowane gida, komai nisan ƙauye. Mutum zai jefa kati da safe yana sanar da zuwansa da yamma, katin ya riga shi isa. Tarho akwai shi, amma na ofisoshi ne da gidajen masu hali. Na uku kuma, wanda aka fi mantawa da shi, makaranta. Dokar ilimi ta 1870 ta kafa makarantun firamare a Ingila da Wales, a 1880 zuwa ya zama dole, a 1891 aka daina biyan kuɗi a mafi yawansu, a 1899 aka ce yaro ba zai bari ba sai ya kai 12. Saurayi ko budurwa mai shekara 25 a 1905 yana cikin rukunin farko da kusan kowa a cikinsu ya iya riƙe alƙalami.

Iya riƙe alƙalami daban, iya rubuta wasiƙa daban. Wasiƙar zamanin tana da ƙa'idojinta: yadda ake buɗewa, yadda ake rufewa, tsawon da ya dace, kalmomin girmamawa. Wanda ya bar makaranta yana ɗan shekara 12 yana jin nauyinta. Kati ya ɗauke masa wannan nauyi, tun da filin rubutun bai fi tafin hannu ba. Ba wanda zai ce ka gajarta.

Yadda ake karanta kati guda

Aikin masu binciken ya fi kama da na mai bin sawu. A ɗauka ga kati a hannu, gabansa hoton titin wani gari. Abin farko da za a duba kan sarki ne. In kore ne mai ɗauke da kan Edward, na rabin kwabo ke nan, kuma launin kansa yana ba da haske: na farkon 1902 korensa mai duhu ne yana ja zuwa shuɗi, daga 1904 aka koma kore mai haske. Sai hatimin gidan waya, wanda shi ne shaida mafi ƙarfi, domin ba mai rubutun ne ya sa shi ba. Yana nuna garin da aka jefa katin, da rana, da wata, da shekara, har da ƙarfe nawa. In saƙon yana maganar haɗuwa "gobe" ko "yau da dare", hatimin ne zai faɗa wace rana ake nufi, kalanda kuma ta faɗa ko Asabar ce ko Lahadi.

Sai adireshi. A nan ma akwai al'adun da suke taimako. Matar aure da sunan mijinta ake rubuta mata, yaro namiji yana da laƙabinsa daban da na babba, budurwa ma haka. In an rubuta cewa a bayar ta hannun wani mai gida, alama ce mai karɓan ba gidansu ba ne: ko 'yar aikatau ce, ko ɗan haya, ko baƙo. Da suna da titi da lambar gida sai a tafi ga ƙidaya.

An yi ƙidayar 1901 a daren 31 ga Maris, ta 1911 kuma a daren 2 ga Afrilu. Ta 1911 ta fi daɗin aiki, domin a Ingila da Wales takardun da masu gida suka cike da hannunsu aka adana, ba kwafin ma'aikaci ba. Ta tambayi shekaru, da sana'a, da wurin haihuwa, da yawan ɗakunan gida, ta kuma tambayi matan aure shekara nawa da aure, 'ya'ya nawa aka haifa da rai, nawa ke raye, nawa suka rasu. To, in aka dace, sai saƙon layi huɗu ya samu jiki. Wadda ake tambaya ko tarin yaro ya yi sauƙi, sai a gan ta a takarda: ga shekarunta, ga sana'ar mijinta, ga mutum bakwai a ɗaki uku, ga adadin 'ya'yan da ta binne. Daga nan tambayar tari ta daina zama gaisuwar baki. Wannan haɗin, a ganina, shi ne ainihin ribar aikin. Ƙidaya ita kaɗai jerin sunaye ce ba murya. Kati shi kaɗai murya ce ba a san mai ita ba.

Amma ba kullum ake dacewa ba, kuma akwai tangarɗar da ba ta da magani. Mai karɓa ne ke da cikakken suna da adireshi. Mai aikawa yawanci sunan farko kawai yake sa wa, ko laƙabin gida, ko harafi ɗaya, ko ma ba komai, tun da an san rubutun hannunsa. Saboda haka mai maganar shi ne ba a sani ba, wanda aka sani kuma bai ce uffan ba. Ƙari a kan haka, talakawan birni sun cika sauya gidan haya, 'yan aikatau suna sauya iyayen gida, 'yan mata suna aure sunansu ya canja. Katin 1906 yana tsakiyar ƙidaya biyu, shekara biyar ta kowane ɓangare, kuma shekara biyar ta isa iyali su tashi sau uku. Wasu matan ma da gangan suka ɓace daga ƙidayar 1911, lokacin da masu fafutukar 'yancin zaɓe ga mata suka yi kiran a ƙaurace mata.

Abin da ke rubuce

Wanda ya zo neman manyan labarai zai koma hannu rabbana. A shekarun nan an gama yaƙin Afirka ta Kudu a 1902, jam'iyyar Liberal ta yi gagarumar nasara a zaɓen 1906, an fara biyan fanshon tsofaffi a 1909, sarki ya rasu a Mayun 1910. Da wuya ka ga ɗaya daga cikinsu a bayan kati, in kuwa ya fito to a gefe ne. Abin da ya cika katunan shi ne tafiyar da rayuwa. An iso lafiya. Za a zo a jirgin ƙarfe kaza, a tarye ni a tasha. Ba za a samu zuwa ranar Lahadi ba. An ga ƙunshin kayan, an gode. A aiko da takalmin da aka manta. Mahaifiya ta ɗan ji sauƙi. Ana ta ruwan sama. Me ya sa ba ka rubuto ba? Wasiƙa na nan tafe.

Waɗannan biyun na ƙarshe sun cancanci a tsaya a kansu, don suna ta maimaituwa. Ƙorafin rashin amsa da alkawarin doguwar wasiƙa sun nuna cewa kati bai kashe wasiƙa ba, kamar yadda masu suka a jaridun lokacin suka riƙa kuka. Yana cike tsakanin wasiƙa da wasiƙa ne. Kuma yana ɗauke da bashi: in an aiko maka, ana jiran naka. Mutanen da aiki ya raba su da gida suna riƙe da juna ta wannan hanya, kuma su ne da yawa. A ƙidayar 1911 mata fiye da miliyan ɗaya ne ke aikatau a gidajen mutane a Ingila da Wales, sana'ar da ta fi kowace ɗaukar mata. Yarinya ta baro ƙauye tana da shekara 14, tana kwana a ɗakin saman gidan da ba nasu ba, hutunta bai wuce yammacin rana ɗaya a mako ba da wata Lahadin. In tana son ganin 'yar uwarta da ke aiki a wata unguwa, dole su daidaita ranar fita, kuma ranar tana hannun uwar gida, tana iya sauyawa da safe. Katin rabin kwabo da zai isa kafin yamma ba abin wasa ba ne a wurinta. Shi ne abin da zai hana ta tsayuwar banza a bakin titi, hutun mako ya tafi a iska.

Akwai kuma katunan hutu, waɗanda su aka fi sani. Garuruwan masaƙun auduga na Lancashire suna da al'adar rufe masaƙa mako guda a shekara, kowane gari da makonsa, ba tare da albashi ba. Ma'aikata suna tara kuɗi a ƙungiyoyin adashi duk shekara, makon na zuwa su cika jiragen ƙasa zuwa garin bakin teku na Blackpool da makamantansa. Daga can katuna ke kwararowa gida, zuwa ga kakar da ba ta iya tafiya ba, da maƙwabciyar da ke duba gida, da abokin aiki a wani gari wanda makonsa bai zo ba. Saƙon ba ya wuce yanayin sama, da kirkin mai masauki ko rashinsa, da ranar dawowa. Amma aika shi kansa magana ce: na samu zuwa bana.

Waɗanda suka yi nisa ma suna ciki. Shekarun da suka gabaci 1914 shekarun ƙaura ne zuwa Kanada da Ostareliya da Amurka, kuma kati zuwa ƙasar waje kwabo ɗaya ne.

Wani abin da ke ba sabon mai karatu mamaki shi ne yadda hoto da saƙo sau da yawa ba su san juna ba. Masu ɗaukar hoto na ƙananan garuruwa suna buga kati a kan duk abin da ya faru, bikin coci, gobara, jirgin da ya kauce layi, har da bala'i. Da ramin haƙar kwal na Senghenydd a Wales ya fashe ranar 14 ga Oktoban 1913, ma'aikata 439 suka mutu, an buga jerin katunan hoton jama'ar da suka taru a bakin ramin suna jira, aka sayar. A lokacin da jaridu ba su cika hoto ba, wannan hanya ce ta yaɗa labari. Amma kati irin wannan in ya kwana a aljihun tebur, wata rana mai shi zai ɗauka ya rubuta maganar wanki a bayansa, don shi ne a kusa. Kuskure ne mai nazari ya ɗauka kowane hoto zaɓaɓɓe ne da manufa. Wani lokacin haka ne, musamman in mai aikawa ya sa alamar gicciye a kan tagar ɗakin da ya sauka ko ya ce ga titinmu. Wani lokacin kuwa hoton kyauta ce kawai ga mai tarawa, saƙon ma bai wuce cewa ga wani don kundinki ba.

Game da rubutun kansa, da yawa da fensir aka yi, a tsaye, a tasha ko a kan gwiwa. Aya da waƙafi sun yi ƙaranci, babban harafi yana faɗowa inda ya ga dama, ana gajarta kalmomi, ana rubuta wasu yadda ake furta su a yankin. Masu binciken sun lura da kamar da ke tsakanin wannan da saƙonnin waya na yau, har suka riƙa sa wasu saƙonnin a Twitter, lokacin iyakarsa harafi 140 ce, kuma da yawa suka shiga. Kamar gaskiya ce, amma ina ganin bai kamata a ja ta da nisa ba. Katin abu ne da ake taɓawa, an biya kuɗinsa, an zaɓe shi a kanti, an taka zuwa akwatin wasiƙa, kuma mai karɓa yana ajiye shi a inda baƙi za su gani.

Rubutu a idon kowa

Tun 1870 babbar sukar da ake yi wa kati ita ce tsiraicinsa. Ba ambulan. Mai tantance wasiƙu zai iya karantawa, mai rabawa zai iya, 'yar aikin da ta ɗauko daga ƙofa za ta iya, uban gida da ke raba wa iyali wasiƙu a teburin karin kumallo ma haka. Masu hali sun daɗe suna ganin rashin daraja ne a aika wa mutum kati, kamar ana cewa bai kai a kashe masa kwabo ba. Kotunan Ingila ma sun ɗauka cewa abin da aka rubuta a kati wasu sun gani, don haka ɓata suna a bayan kati ana lissafa shi a matsayin abin da aka yaɗa.

Masu rubutu sun san haka, suka kuma nemi dabaru. Wasu suna juya katin su rubuta a kife, don mai rabawa da ke duba adireshi kada idonsa ya faɗa kan saƙon kai tsaye. Wasu suna rubutun baibai wanda sai da madubi. Akawu da sakatarori suna amfani da gajeren rubutun Pitman, wato rubutun alamomi na sauri, da suka koya don aiki. Akwai masu musanya haruffa da lambobi. Akwai kuma zancen kan sarki: a karkata shi hagu ko dama, ko a kifa shi, kowane da ma'anarsa tsakanin saurayi da budurwa. Har katuna aka buga masu bayanin ma'anonin, sai dai kamfanoni ba su daidaita ba, abin da ke nufin sumba a wannan jadawali yana iya nufin wani abu daban a wancan. Mai nazari a yau in ya ga karkataccen kan sarki ba shi da hanyar rarrabe soyayya da gaggawa.

Dabarar da ta fi kowace yawa ita ce mafi sauƙi: a faɗi rabi. A ce "abin nan da muka yi magana", a ce "ka gane", a ambaci mutum da harafin farko na sunansa. Wannan yana da muhimmanci ga duk wanda zai gina tarihi a kan katuna. Cikin shege, bashi, dukan miji, korar aiki, ba a kati ake faɗarsu ba. In dubban katuna sun nuna mutane masu fara'a da ke damuwa da ruwan sama kawai, ba yana nufin rayuwarsu ke nan ba. Yana nufin abin da za su iya faɗa ke nan a gaban mai raba wasiƙa, wanda a ƙauye ya san kowa da iyayensa.

Inda shaidar ke da rauni

Katuna 3,000 daga cikin biliyan 6 ɗigo ne, kuma ba ɗigon da aka ɗebo da ƙa'ida ba. Abin da ya tsira shi ne abin da wani ya ga ya dace a ajiye, kuma yawanci saboda hoton. Tara katuna a kundi ya zama yayi a shekarun nan, musamman tsakanin 'yan mata, har kamfanoni irin su Raphael Tuck na Landan suna shirya gasa ga wanda ya fi tarawa. Don haka in an ga mata sun fi yawa cikin masu karɓa, tambaya ta rage: su aka fi aika wa, ko su suka fi adanawa? Wataƙila duka biyun. Katin odar kwal marar hoto kuwa, ko na gidan da ake tashi kowace shekara, murhu ya cinye shi. Mafi talauci a cikin talakawa, waɗanda kwabo da rabi ke nufin wani ɓangare na abincin dare, su ne muryarsu ta fi ƙaranci.

Sannan kasuwa ta yi nata ɓarnar. Kundin mace ɗaya mai kati 300, wanda da an bar shi haɗe zai nuna zumuncinta na shekara goma, wa ke rubuto mata, yaushe adireshinta ya canja, yaushe sunanta ya canja, in ya faɗa hannun dillali sai a warware shi, kowane kati ya tafi akwatin garinsa. Ba laifin dillali ba ne, sana'arsa yake yi, kuma ba don shi ba da yawancinsu sun tafi bola. Amma sakamakon shi ne mai bincike yana sayen jimla ɗaya daga hirar da aka yayyaga. Kuma ko kundin ya tsira, rabin hirar ne: abin da aka faɗa mata yana nan, abin da ta amsa yana wasu gidajen.

Yaƙi, da ƙarin kuɗi

A 1914, da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, abubuwa suka juya. Kaso mai yawa na katunan launi da ake sayarwa a Birtaniya a Jamus ake buga su, yaƙi ya yanke wannan hanya. Rubutu bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi: a tsakiyar yaƙin gidan wayar soja yana kai wasiƙu wajen miliyan 12 a mako zuwa fagen daga. Amma wani sabon kati ya fito wanda ya nuna iyakar abin. Rundunar Birtaniya ta buga wa sojoji kati mai jerin jimloli a shirye: ina lafiya lau; an kwantar da ni a asibiti, ko don ciwo ko don rauni, kuma ina samun sauƙi; na samu wasiƙarka, ko talgiram, ko ƙunshin kaya; wasiƙa na tafe da zarar an samu dama; ban samu wasiƙa daga gare ka ba kwanan nan, ko da daɗewa. Soja zai soke waɗanda ba su shafe shi ba, ya sa hannu da kwanan wata. A sama an gargaɗe shi cewa in ya ƙara wani abu za a lalata katin. An yi haka ne don kada jami'an tace wasiƙu su ɓata lokaci. Abin lura shi ne, in aka cire maganar asibiti, jimlolin da hukuma ta zaɓa su ne dai waɗanda jama'a suka shekara goma suna rubuta wa juna da kansu.

Ranar 3 ga Yunin 1918 aka ninka kuɗin aika kati zuwa kwabo ɗaya, bayan shekara kusan 48 yana rabin kwabo. A 1921 ya hau kwabo da rabi, aka sauko da shi kwabo a 1922, amma yawan katunan ya riga ya faɗi warwas, bai kuma koma yadda yake ba. An rage yawan rabon wasiƙu a rana, tarho na yaɗuwa, kati ya koma abin hutu da bakin teku.

Hanyar da Gillen da Hall suka bi ma tana da wa'adi. Ana rufe takardun ƙidaya shekara 100. An buɗe ta 1921 a Janairun 2022, don haka ana iya bin katunan yaƙi da na bayansa kaɗan. Daga nan sai rami. Takardun ƙidayar 1931 na Ingila da Wales sun ƙone ƙurmus a wata gobara a Hayes, kusa da Landan, a Disambar 1942, ba a yi ƙidaya a 1941 ba saboda Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ke tsakani sai rajistar jama'a ta Satumbar 1939, wadda ba ta kai ƙidaya bayani ba. Ta 1951 kuwa ba za a buɗe ta ba sai 2052.